Hoton Kwakwa Da Tsakar Azumi

SHAFI NA 34

Masu zagin Abdulmalik tun shekaranjiya, duk na ga saƙonninku, har da baiwar Allahn da ta ce in ta haifi irinsa za ta mayar da shi asibiti a canza mata. Ban tanka wa kowa ba. Ku karanta na yau tukuna, in ya so mai sauran zagi a baki sai ya ƙarasa.

*

Ba neman Derrick ne ya kai Nafisa unguwar Rido da ke gefen matatar man Kaduna ba. Ina za ta nemi mutumin da kowa ya san yana can Indonesiya tare da ƙanenta Abdulmalik, wata da watanni suna tsallakawa daga wannan tsibiri zuwa wancan, jaka a baya, suna ɗaukar bidiyo suna nuna wa mutane cewa ɗan talaka ma zai iya ganin duniya? Wurin Irene yayar Derrick ɗin ta je, don ta roƙe ta ta yi masa magana, ko Allah zai sa ya lallashi Abdul ya ɗaga waya.

Don tun ranar Juma'a ba wanda ya yi barcin kirki a gidansu, kuma hoto guda ne ya jawo. Abdul ne zaune a bakin teku ba riga, rana tsaka a kansa, ya kafa baki a kwakwa yana zuƙa, yana dariya har da lumshe ido. A bayansa wasu Turawa mata kwance a yashi da suturar da ba ta kai ɗankwali ba. Da tsakiyar azumi! Ɗan ladanin unguwa guda! Kafin la'asar hoton ya gama zagaye wayoyin Tudun Wada, har masu ce masa ɗan albarka jiya sun koma taɓe baki.

Umma ta ce ai matafiyi ne, addini ya yi masa sauƙi. Baba, Malam Zakariyya'u, ya ce matafiyin da aka yi wa sauƙi ba ya tallar shan ruwansa, balle ya yi ta a gaban matan da ba su san sutura ba. Baba bai iya hayaniya ba, shi ya sa in ya yi magana ake tsoro. Yau da asuba ya faɗa sau ɗaya, bai maimaita ba: in aka sha ruwa yaron nan bai kira ya faɗi dalilinsa ba, zai cire bakinsa a kansa gaban 'yan uwa, ya sallama wa duniya shi.

Nafisa kuwa ita ce ta durƙusa ta roƙi Baba ya bar Abdul ya yi tafiyar nan, da hujjar ƙasar Musulmi ce. Shi ya sa ta rufe shagon ɗinkinta da rana tsaka ta hau mota.

Ta yi sallama ta tura ƙyauren gidan su Irene. Ba ta yi nisa a tsakar gidan ba ta tsaya cak.

A kan igiyar shanya, tsakanin zanen gado da rigunan coci, wata ƙatuwar jakar goyo ce rataye, ruwa na ɗiga daga gindinta. Shuɗiya, mai maɗauri a ƙugu. A murfinta akwai 'yar tutar Najeriya da aka ɗinke da baƙin zare.

Ita ta ɗinka. Ranar da ƙanen nata zai tafi koren zare ya ƙare mata ta sa baƙi, Abdul ya yi ta yi mata tsiya wai tela guda ba ta da zare.

Irene ta fito daga kicin da bokiti a hannu. Ta ga Nafisa, ta ga inda idon Nafisa yake, bokitin ya kusa suɓuce mata.

"Ah, Nafisa! Yau ke ce a gidanmu? Shigo falo mana, ranar nan ai sai ta kayar da mai azumi."

"Jakar wa ce wannan?"

"Wannan? Ta Derrick ce, tsohuwa. Wari take yi na ce bari in..."

"Irene."

Irene ta dire bokitin a ƙasa.

"Ni na ɗinka tutar nan da hannuna. Jakar da take Indonesiya, me take yi a igiyarku?"

"Nafisa, abeg, zo mu shiga ciki tukuna."

Sai aka yi tari daga ɗakin da ke bayan kicin, tarin namiji. Irene ta yi wuf za ta tare hanya, amma Nafisa ta riga ta. Ta banka ƙofar.

Ɗaki ne mai duhu, an toshe tagarsa da kwali. A kan katifa a ƙasa mutum ne zaune ya haɗa kai da gwiwa. Derrick ɗin bidiyo mai faɗin ƙirji, mai dariya kamar zai tsaga waya, ba shi ba ne wannan. Wannan ya rame, gemu ya cinye masa fuska, idanu sun faɗa.

Kun san abin da ya fara zuwa wa Nafisa? Murna. Wallahi murna, baiwar Allah.

"Derrick! Kun dawo? Yaushe? La ila, shi ne ba ku faɗa ba?" Ta leƙa bayan ƙofa, ta leƙa gefen katifa. "Ina Abdul? Ɓuya ya yi saboda Baba ko? Abdul! Fito, ni ce, ni kaɗai ce. Fito mu san abin da za mu faɗa masa kafin magariba."

Ba wanda ya fito. Derrick ya zame daga katifar ya dire gwiwoyinsa a siminti.

"Anti Nafisa, ki zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina ƙanena?"

"Don Allah ki zauna."

"Ka san abin da hoton nan ya jawo? Ka san yau ubansa zai yi masa baki saboda ya sha azumi a idon duniya?"

Derrick ya ɗago.

"Abdul bai sha azumi ba, Anti."

"Da idona na gani!"

"Tsohon hoto ne. Abdul bai sha azumi ba." Ya kau da ido. "Abdul bai ga azumin nan ba."

Ta ji maganar sarai, amma ta ƙi shiga kanta. Sai dai ga ta zaune a bakin ƙofa ba ta san lokacin da ta zauna ba.

"Sake faɗa."

"Tun kafin azumi ne," in ji Derrick, idonsa a ƙasa. "Muna wani ƙaramin tsibiri, ko titin mota babu. Muka bar manyan jakunkunanmu a masauki, irin ɗakin nan mai gadaje hawa-hawa da muke nunawa a bidiyo. Akwai wani tsibirin a gaba, da ido ma ana hango shi. Jirgin fasinja yana zuwa can, amma da tsada. Sai wani masunci ya ce zai kai mu a kwalekwalensa a rabin kuɗi."

"Kuka hau."

"Ai aikinmu ke nan, Anti. Abin da muke nuna wa mutane ke nan, yadda za ka je ko'ina da araha."

"Abdul bai iya ruwa ba. Abdul da ko gadar Kaduna za mu hau yana yaro sai ya rufe ido ya riƙe min hijabi."

"Na sani. Shi ya sa rigar ruwa guda ɗaya da ke cikin kwalekwalen, shi muka ba."

"To? In yana da rigar ruwa ai ba ya nutsewa. Ko ba haka ake cewa ba? Irene, ba haka ba ne?"

Irene ta juya fuska ga bango. "Derrick, ya isa haka. It's enough."

"Bar ni, Sista. Na gaji."

Ya tura hannu ƙarƙashin filo ya zaro waya. Nafisa ta san ta tun kafin ta gama fitowa, baƙa mai tsagaggen gefe, tsagar da Abdul ya yi ta cewa zai gyara bai gyara ba.

"Da ita nake ɗaukarsa ranar, tana cikin 'yar jakar roba a wuyana. Kullum a sailen nake barinta, ba na iya jin ƙararta." Ya danna gefen wayar ya buɗe sauti, ya miƙa mata. "Ki gani da kanki. Bakina ba zai iya ba."

Teku ne, shuɗi har yana kashe ido. Ga Abdul zaune a goshin kwalekwale cikin rigar ruwa ruwan lemo, iska na kaɗa masa suma, ya ƙara haske ya ƙara ƙiba. Daga bayan wayar muryar Derrick ta fito, cike da wasa.

"Gaye, cire abin nan mana, ka yi kama da buhun masara. Yana ɓata hoton. Minti ɗaya kawai."

Abdul ya tuntsire da dariya. "In na nutse kai za ka yi wa Umma bayani."

Ya ɓalle maɗaurin, ya cire rigar, ya ajiye ta gefen ƙafarsa. Ya gyara zama ya kalli wayar.

"Assalamu alaikum mutanen Tudun Wada! Umma, kin ga ruwa? Duk wannan ba mai sayar da shi a jarka. Baba, azumi ya matso, a nan zan fara in sha Allahu. Mutanen nan akwai ibada, masallacinsu ma a kan ruwa yake, sai dai ladaninsu bai kama ƙafarka a murya ba. Yaya Nafi, baƙin zarenki na nan bai tsinke ba, na janye maganata, ke tela ce ta..."

Wani ya ƙwala ihu da yaren da ba ta sani ba. Hoton ya karkace. Sama, ruwa, sama, sai duhu.

Nafisa ta ci gaba da kallon wayar bayan bidiyon ya ƙare. Ta so ta yi kuka, ko ɗigo bai zo ba. 

"Igiyar ruwa ce ta buge mu ta gefe," Derrick ya ce. "Lokacin damunarsu ne, teku ba ya da tabbas. Ni da masuncin muka kama jikin kwalekwalen. Na ga rigar tana yawo a saman ruwa, Anti. Rigar kawai. Na nutsa, na sake nutsawa, har masuncin ya shaƙe ni ya hana ni. Mutanen tsibirin suka fito da jiragensu, kwana da kwanaki ana nema. Da aka gaji, limaminsu ya tara mutane suka yi masa salla ba gawa. Ina tsaye a bayan masallacin."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Da ƙyar kalmar ta fito daga bakin Nafisa. Ta sake faɗa, ta sake. Sai can wani abu ya faɗo mata, ta ɗago a hankali.

"Wa yake turo wa Umma hoto duk Juma'a?"

Derrick ya sunkuyar da kai.

"Wa yake rubuto min wai Yaya ba sabis a nan, ba zan iya kira ba? Wa ya ce min in gaida Baba da jiki?"

"Ni ne."

"Jiya na tura masa murya. Na zage shi. Na ce na yi da-na-sanin roƙar masa Baba, na ce ya zubar mana da mutunci. Wa ya saurara?"

"Ni ne, Anti."

"Kai!" Ta miƙe zumbur. "Uwarsa tana can tana ajiye masa dabino a gefen faranti, wai ko ya dawo salla. Kullum sai ta sumbaci waya. Ashe da kai take hira? Wane irin rashin imani ne wannan, Derrick? Abincin gidanmu ka ci! Umma da hannunta take zuba maka!"

"Shi ya sa!" Ya fashe da kuka irin na yara, majina da hawaye. "Shi ya sa na kasa. Juma'ar farko ina can, Umma ta turo murya tana cewa Auta shiru yau ba hoto, jinina har ya hau. Na ce bari in tura guda ɗaya, in sami sati guda in san yadda zan faɗa. Satin ya zo na sake turawa. Na dawo ƙasar nan da niyyar daga tasha gidanku zan wuce, I swear to God. Na hau keke, muna zuwa gada na ce ya juya."

"Saboda me?"

"Anti, ni Derrick ne. In shiga Tudun Wada in ce na tafi da ɗanku na dawo da jakarsa? In ce ni na ce ya cire rigar? Wa zai tsaya ya ji ƙarshen maganar?"

"To kwakwar fa? Bai ishe ka ba sai ka haɗa masa da wannan?"

Ya goge fuska da gefen rigarsa.

"Hotunan ne suka kusa ƙarewa. Wannan na ɓoye shi har ƙarshe, don a nan ya fi yin dariya. Ina ɗakin nan ba na fita, ban san Litinin ba ban san Laraba ba. Na san kuna azumi, a Kaduna aka haife ni, na sani. Amma kaina bai kawo ba. Dariyar kawai na gani, Anti. Ban ga kwakwar ba."

Da ya yi mata ƙarya da ta fi samun sauƙi, da ta sami wanda za ta tsana da zuciya ɗaya. Amma gaskiya yake faɗa, kuma ta san gaskiya yake faɗa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Ruwa ya ci shi," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "kai kuma ka dawo ka cinye masa suna. Tashi mu je. Da bakinka za ka faɗa wa ubansa."

Derrick ya fara laluben takalmi. Irene ta yi tsalle ta tsaya a bakin ƙofa, ta ware hannuwa.

"Sai dai ki bi ta kaina."

"Matsa, Irene."

"Ki kai shi unguwarku da magariba, samari cike da ƙofar masallaci, ki ce ga wanda ya sa ɗan ladan ya cire rigar ruwa? Nafisa, a garin nan muka tashi ni da ke. Kin san ba a kansa kaɗai zai tsaya ba. Mamanmu tana kasuwa, ita ma ba ta san komai ba, ce mata muka yi biza ce ta ƙare masa." Ta haɗa tafin hannuwanta. "Na san an cuce ku. Ki ba mu zuwa gobe in kai shi ƙauye, daga nan ki faɗi duk abin da za ki faɗa."

"Gobe? Yau da magariba za a tsine wa ƙanena, yana ƙarƙashin teku. Ke naki ƙanen yana numfashi."

Irene ba ta matsa ba. Suka tsaya suna kallon juna, kowacce da ƙanenta a ido.

Nafisa ce ta fara kau da kai. Ta jefa wayar Abdul cikin jakarta ta ja zif, ta raɓa ta gefen Irene ta fita. A tsakar gida ta tsaya gaban jakar goyon, ta shafa tutar da yatsa. Har yanzu da danshi. Ba ta ɗauka ba, don ba ta ga ta inda za ta shiga gida da ita ba.

Hanya ta yi mata tsawo ta kuma yi mata gajarta. Bututun matatar mai ya ɓace a bayanta, motar ta kutsa cikin cunkoson masu sauri su sha ruwa a gida, kowa na danna ham, masu ƙosai da kankana sun cika bakin titi. Ita lissafi take yi, kuma duk ta inda ta ɓullo ba mafita. In ta yi shiru, Baba zai yi wa mamaci baki, kuma in ya sani daga baya ba zai taɓa yafe wa kansa ba. In ta yi magana, Umma ce, wadda rashin hoton Juma'a ɗaya ma yake kwantar da ita. In ta nuna bidiyon, ta wanke Abdul tas, amma da muryar Derrick a ciki, kuma kafin isha'i unguwa ta ji.

Da suka hau gada ta kalli kogin. Ya ja baya saboda rani, duwatsu duk sun fito, wasu na wanki a gefe. Wannan ɗan ruwan ne Abdul yake rufe wa ido. A nan kukan ya zo mata, ta cusa fuska cikin hijabi, matar da ke kusa da ita ta ce, "Sannu baiwar Allah, saura kaɗan a sha ruwa."

Ta yanke shawara ɗaya kafin ta sauka. Baba za ta samu shi kaɗai, a soro, kafin ya shiga gida. Shi namiji ne, malami ne, shi zai san yadda za a gaya wa Umma.

Tana shigowa layinsu muryarsa ta tashi a lasifika. Kiran sallar da ta tashi da shi tun ba ta san kanta ba, yau ta ji shi kamar ba ta taɓa ji ba. Ladaninsu bai kama ƙafarka a murya ba. Ta tsaya a soro ta jira, ko ruwa ba ta nema ba.

Amma da aka idar ba shi kaɗai ya taho ba. Yana tare da ƙanensa Baffa Shehu, wanda ya kira musamman don ya zama shaida.

"Baba, ina son magana da kai."

"Shiga ciki."

"Baba, kai kaɗai. Don Allah, yanzu."

"Na san maganar. Roƙon da kika yi na bar shi ya tafi, shi za ki sake. Wancan ma ya isa." Ya wuce ta, Baffa Shehu ya bi shi yana girgiza mata kai alamar ta yi haƙuri.

An shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ga kunu, ga ƙosai, ba wanda ya taɓa. Umma na zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi, idanunta sun kumbura. A gefen farantinta ga dabinon Auta nan a ware, kamar kullum. Ta dubi Nafisa.

"Ke, ina kika shiga tun rana? Kin sha ruwa kuwa?"

Ke. Haka take kiranta tun tana zanen goyo. Nafisa ce 'yar fari, kuma Umma irin matan da ne masu kunya, ko a asibiti aka tambaye ta sunan sai dai ta nuna ta da baki.

"Na sha, Umma," ta yi ƙarya, ta durƙusa a gefen tabarmar, jakarta a cinya.

Baba ya zauna ya tanƙwashe ƙafa. Ya kurɓi ruwa, ya ajiye kofin.

"An sha ruwa. Ya kira?"

Umma ta girgiza kai.

"Shehu, kai ne shaida. Yaron nan ban rage shi da komai ba. Na ba shi karatu, na ba shi tarbiyya, ya ce zai ga duniya na sa masa albarka. Yau ni ne nake kiran mutane salla suna bina da kallo. To, ni Zakariyya'u, daga yau..."

"Baba!" Nafisa ta matso da gwiwa. "Baba kada ka faɗa. Don girman Allah kada ka faɗa. Ka zo soro in gaya maka wani abu."

"In magana ce faɗe ta nan. Wa ye baƙo a cikinmu?"

Ta kalli Umma. Ta ƙanƙame jakarta.

Umma ce ta rarrafo, ta kama gefen babbar rigar Baba, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

"Malam, alfarma ɗaya. Tun da ya tafi ba ka taɓa kiransa da kanka ba, kullum saƙo ne ta bakinmu. Ka kira shi sau ɗaya. In ya ga kai ne zai ɗauka, wallahi zai ɗauka, na san ɗana. In bai ɗauka ba ka yi abin da ka ga dama, ba zan ƙara cewa komai ba."

Baba ya daɗe yana kallon hannunta a rigarsa. Sai ya sauke numfashi.

"Shehu, wayarka tana kiran waje. Kira min shi."

Sai a lokacin Nafisa ta tuna. Derrick ya buɗe sautin wayar, ita kuma ba ta rufe ba.

"Baffa, tsaya! Baffa kada ka..."

Ya riga ya danna.

Hannunta na kan zif ɗin, zif ɗin ya cije. Kowa a gidan ya san ƙarar wayar Abdul, don da gangan ya naɗi muryar Umma wata rana tana yi masa faɗa, ya mayar da ita ƙarar kira, yana kunna mata yana dariya tana bin shi da muciya.

Daga cikin jakar da ke kan cinyar Nafisa, muryar Umma ta cika tsakar gidan.

"Auta, ɗauki waya mana! Kai ɗan nan, ɗauki waya mana!"

Baffa Shehu ya sauke tasa wayar daga kunne a hankali. Baba ya juyo. Carbin Umma ya zame ya faɗi cikin kunu.

"Auta, ɗauki waya mana!"

Umma ta saki rigar Baba. Ta kalli jakar, ta kalli fuskar 'yarta, ta ga idanun da suka sha kuka a kan gada. Ta miƙe tsaye ba ta dafa komai ba.

"Nafisatu," ta ce. "Ina ɗana?"